Abin da aka fi nanatawa kan guguwar Milton

A tattaunawar da aka yi kan guguwar Milton, wadda ta haura daga mataki na 1 zuwa na 5, mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, cikin yini guda kafin ta faɗa wa jihar Florida ta Amurka a Oktoban 2024, baki ya zo ɗaya: in hukuma ta ce a tashi, a tashi, kada a tsaya ganin ƙwal uwar daka. Ruwan tekun da iska ke turowa cikin gari ya fi iskar kisa.

Aka ce a sha mai tun layi bai yi tsawo ba, a cika bahon wanka da ruwa, a ƙulle takardu a leda. Janareto kuwa a waje, nesa da taga, don hayaƙinsa na kashe mutum cikin barci. Masu cewa a manna tef a gilashi, wannan ɓata lokaci ne. Katako ake bugawa.