Me ya sa masu sake cika harsashi suke daɗewa a kan kwanso?

Ɗan Tudun Wada, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina kallon masu gasar harbi na Amurka, kuma na lura cewa waɗanda suke cika harsashinsu da hannu sun fi ɓata lokaci a kan kwanson da aka riga aka harba fiye da kan albarushi. Ashe kwanso ba mazubi ne kawai ba?

Tsohon soja, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, a kwanson ne daidaito yake farawa. Tagullarsa kashi 70 jan ƙarfe ce, kashi 30 zinki, kuma duk lokacin da aka harba sai ta kumbura ta manne da cikin bindiga, sannan ta ƙara tsawo kaɗan, shi ya sa ake wanke kwanson, a matse shi ya koma girmansa, a auna, a datse bakinsa. A samfurin harsashin da ake kira .308 Winchester iyakar tsawon kwanson inci 2.015 ne, idan ya zarce, bakin yakan maƙale ya shaƙe kan harsashin, ƙarfin fashewar ya wuce kima. Masu sake cika harsashi kuma suna ware kwanso bisa tambarin da ke gindinsa, domin na soja yakan fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, don haka albarushi iri ɗaya ba zai ba da gudu iri ɗaya ba.

Maƙeri daga Azare:
Baba ya yi bayani, sai dai in ƙara abin da sana'armu ta sani: tagulla tana taurarewa idan ana yawan matsa ta, har ta tsage. Suna gasa wuyan kwanson ne kaɗai domin ya yi laushi, ba a yarda zafi ya kai gindi ba. Wanda kuwa siririn zobe mai sheƙi ya fito kusa da gindinsa ya kusa rabewa biyu, jefar da shi ake yi.

Lauya, Gombe:
Malam mai tambaya, ilimin yana da daɗi, amma dokarmu ba irin ta Amurka ba ce. Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi a wajen wuraren da gwamnati ta amince da su, aikin da DICON, kamfanin ƙera makamai na gwamnati da ke Kaduna, yake yi tun kafa shi a 1964, kuma lasisin riƙe bindigar farauta bai ba maharbi wannan izinin ba.