Tsofaffin sulalla: wanne ne a hannunku ba za ku iya rabuwa da shi ba?

Ɗan_Kakuri:

Assalamu alaikum jama'ar gida, fatan an yini lafiya. Satin da ya wuce muna kwashe kayan ɗakin marigayi mahaifinmu a nan Kakuri saboda damina ta cinye rufin, sai na ci karo da wani tsohon gwangwanin madara a can ƙasan adakarsa ƙarƙashin takardun aiki, na girgiza na ji caccaka, da na buɗe ashe tsofaffin kuɗi ne guda 23. Yawancinsu kwabo ne mai huji na 1959, sai taro biyu masu kusurwa-kusurwa, sisi uku, sai kuma guda ɗaya shi kaɗai aka naɗe a ƙyalle, sule biyu ne mai kan sarauniya, bayansa shukar gyaɗa. Na kai wa Hajiyarmu, wallahi tana gani ta yi shiru ta daɗe, can ta ce cikin albashinsa na farko ne a masaƙa, ya kai wa kakarmu kuɗin gaba ɗaya ta sa albarka ta zaro wannan ta mayar masa ta ce kar ya kashe. Sama da shekara hamsin ke nan kuma ko mu 'ya'yansa bai taɓa nuna mana ba.

To yanzu ƙanena ya tada ƙayar baya wai ya ji ana sayen kwabo mai huji miliyoyi, mu haɗa mu kai. Gaskiya ne ko labarin teburin mai shayi? Sannan duk sun yi baƙi, in wanke da lemun tsami da toka? Masu tara irin wannan kaya kuma, wanne ne naku na gaban goshi, kuma me ya sa?

Tsohon_Hedimasta:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku ya sa ya huta. Kafin komai, ɗana, ka ajiye lemun tsamin nan ka sha da shayi. Baƙin da kake gani shi ne shaidar tsufa, duk wanda ya san harkar in ya ga an goge kwabo yana ƙyalli sai ya rage masa daraja. In ƙasa ce ta manne, ruwa da sabulu kaɗan, ka shanya a tsumma, shi ke nan.

Maganar miliyoyi kuwa ka ce wa ƙanenka ya kwantar da hankali. Kuɗin 1959 su ne na farko da Babban Bankin Najeriya ya fitar shekarar da ya fara aiki, kuma an buga su da yawan gaske tunda ƙasa guda za su wadata, babu gidan tsoho a Arewa da za a rasa su. Abin da ke ko'ina ba ya tsada. Sule biyun nan shi muke ce wa dala, wasu su ce fataka, kuma ba azurfa ba ne kar ya ruɗe ku. Sulallan azurfa na asali su ne na farko-farkon zamanin Turawa daga 1913, masu bishiyar kwakwar manja, wajen 1920 aka daina yi da azurfa.

Ni na fi shekara talatin ina tarawa, ina da sama da ɗari biyu a cikin wata 'yar akwati, amma wanda ba na bari a taɓa anini ne na 1936. Yaran yanzu suna cewa ba ni da ko anini ba su san mene ne ba: anini goma ne kwabo ɗaya, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Ka lissafa ka ga ƙanƙantarsa. Wannan nawa sunan Sarki Edward na takwas ne a jiki, wanda ko shekara bai cika a kan gadon Ingila ba ya yi murabus a Disambar 1936 saboda ya nace sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka. A can Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga kasuwa ba, amma mu nan an riga an bugo an kawo, tunda namu huji ne a tsakiya ba a jiran hoton sarki, suna kawai za a rubuta. A jikinsa har da rubutun Larabci na faɗin ƙimarsa, bayansa kuma tauraro mai tsini shida da tsofaffi ke ce wa hatimin Annabi Sulaimanu. Ba wai yana da tsada ba, shi ma an buga da yawa. Malaminmu na allo a Tudun Wadan Zariya ne ya ba ni ranar da na kai izu biyar, ya kwance shi daga igiyar da yake zura kuɗin Laraba, a lokacin ma an daɗe da daina karɓar anini, ya ce riƙe, ba na kashewa ba ne. Duk sanda na ɗauko sai in ji ƙaurin hayaƙin tsangaya.

Wanda har yau nake nema shi ne aninin sanholo na 1907, wanda ke cikin kuɗin sanholo na farko a duniya. Bai jure damshin ƙasar nan ba, yana cinyewa, shi ya sa a 1908 aka sauya ƙarfen. Duk wanda ya gani a gidan kakansa don Allah ya taɓo ni.

Maman_Biyu_Malali:

Allah sarki, wannan magana ta taɓa ni. Ni ba mai tarawa ba ce, guda ɗaya gare ni, liyari na kakata, babba mai nauyi da kan wata mata mai ƙiba, an yi masa 'yar kunne a sama ana zura zare. Da shi aka kai ta ɗakin miji, ta ba mamata, mamata ta ba ni ranar da za a kai ni. Lokacin da maigidan ya kwanta jinya kuɗi suka ƙare tas, na ɗauke shi na shiga kasuwar Barci wajen masu sayen azurfa, mutumin ya ɗora a sikeli ya faɗi kuɗi, kuma fa bai cuce ni ba, amma da na tambaya me za a yi da shi ya ce narkarwa za su yi a yi zobba, wallahi ji na yi kamar ya ce za a narka Inna, na ce ba ni abina. Keken ɗinkina na sayar a madadinsa, har yau 'yan'uwa na yi mini dariya wai na sayar da mai kawo kuɗi na bar mai kwana a jaka. Su dai suka sani.

Baba Hedimasta, a jikinsa an rubuta 1780, yarona ya lissafa ya ce ya haura shekara 240 wai mu kai gidan tarihi na titin Ali Akilu. Haka ne?

Tsohon_Hedimasta:

Hajiya, matar nan Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu. Fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan wajenmu sun riga sun yarda da shi ba sa son a canja ko ɗigo, sai aka ci gaba da bugawa da wannan shekarar dai har bayan shekara ɗari da ɗoriya, har yanzu ma ana bugawa. Saboda haka 1780 ba ta nufin shekarar da aka ƙera naki. Amma azurfa ce ta gaske in na asali ne, nauyinsa wajen giram 28, kuma mayen ƙarfe ba ya kama shi. Ta hamada ya riƙa shigo mana tun ana ciniki da wuri. Ki bar shi a jakarki, gidan tarihi ba su san Inna ba.

Yaro_Na_Rigasa:

Hhhh ni dai ban tashi na ga ko ɗaya ba. Abin da nake da shi ƙwandalar naira biyu ce ta 2007 mai launi biyu da hoton majalisa, zamanin da Soludo ke gwamnan Babban Banki, babanmu ya dawo da su daga banki cikin leda ya raba mana, na ruga wajen mai alewa ya ce Allah ya kiyaye shi ba ya karɓar ƙarfe, na dawo ina kuka. Ita ce har yau a aljihun walet ɗina, ba ta taɓa sayen komai ba tunda aka haife ta. Wai don Allah taro nawa ne, ni a waƙa kawai nake ji.

Mai_Anini_Uku:

Yaro, taro kwabo uku ne, sisi shida. Kuma in ka ji an ce soja mai anini uku kamar yadda nake kafin in ajiye kaki, daga wannan ƙaramin kuɗin aka aro sunan tauraron kafaɗa.

Ɗan Kakuri, ka riƙe ƙanenka da kyau, ni an taɓa yi mini. Wasu suka zo har gida a Kawo da babbar riga da turare, wai akwai Bature a Abuja yana neman kwabon da ke jan allura ko ƙwayar shinkafa, suka gwada nawa a gabana allura ta manne, ashe mayen ƙarfe ne a ɓoye cikin hannun riga, suka ce sai na ba da kuɗin sinadarin gwaji kafin a kira Baturen. Na bayar. Har yau Bature yana hanya. Kunya ta hana ni faɗa wa uwargida sai da aka shekara.

Nawa abin so kwabo 25 ne na 1973 mai dalar gyaɗa. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka koma naira zamanin Gowon, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, mutane suka ƙi sakin tsohon suna shi ya sa aka ci gaba da ce wa kwabo goma sule. Tsofaffi sun sha wahalar lissafin nan ba kaɗan ba, sule da aka sani kwabo 12 rana ɗaya a ce goma, kakata har ta rasu tana cewa gwamnati ta cinye mata kwabo biyu. Mahaifina ɗan dako ne a Kano, da kansa ya hau da buhu kan irin dalar da ke jikin kuɗin, in ya karɓi kwabo 25 sai ya nuna mana da farce ya ce ga inda na tsaya nan. Shi nake ajiye da shi, gefen har ya shafe saboda shafawa.

Ɗan_Kakuri:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe mai anini uku labarinka ya sa na yi dariya har Hajiya ta leƙo. Ƙanen nawa bai jira ba, jiya ya zari kwabo biyu ya tafi kasuwa, mai kayan gargajiya ya taya su ɗari biyar duka biyun, kuɗin Keke ma bai fita ba, ya dawo da su yana cika yana batsewa. Dalar kuwa ba ta hannuna yanzu, Hajiya ta karɓe ta ƙulle a haɓar zani ta ce sai bayan ranta. Sauran mun raba mu bakwai kowa uku-uku, ɗaya ya yi saura kuma shi ne daban, British West Africa aka rubuta, 1952, sunan George na shida. Baba Hedimasta, na haska da tocilan waya na ga wasu ƙananan haruffa KN kusa da hujin, su kuma na mene ne?

Tsohon_Hedimasta:

Alamar maƙerar da ta buga shi ce, King's Norton a Birmingham, in ka ga H kuma Heaton ce a garin dai. Idonka da kyau. Ina Unguwar Sarki, ka zo da shi wata Asabar bayan la'asar in gani, ka taho da ƙanen naka ya ga akwatin.