Hooker a zari-rugar 'yan 13: me za mu kira shi da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jiya na zauna zan rubuta tarihin wasan Cameron Smith, ɗan wasan zari-rugar 'yan 13, da Hausa, sai na cije tun a layin farko. Gurbin da ya riƙe wa ƙungiyar Melbourne Storm ta Ostireliya daga 2002 zuwa 2020, Turawa na kiransa hooker. Na jefa kalmar a wata manhajar fassara, ta ba ni "karuwa", domin a Turancin kan titi tana da wannan ma'anar. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya buga wasa 430 a gasar NRL, babbar gasar wannan wasan a Ostireliya, adadin da babu wanda ya kai, bai kamata a rasa sunan aikinsa a harshenmu ba.

Asalin kalmar daga ƙugiya ne. Idan aka yi ƙaramin laifi, 'yan gaba shida-shida na kowane ɓangare sukan sarƙe kafaɗu, su duƙa, su haɗa kai su yi turereniya, sai a jefa ƙwallo ta tsakaninsu. Mutumin tsakiya a sahun farko yana rataye ne a wuyan ƙarti biyu, hannu ɗaya kan kowanne, ƙafa kaɗai ta rage masa. Da ita yake janyo ƙwallon zuwa ɓangarensu, kamar yadda ake zura ƙugiya a rijiya a ciro gugan da ya tsinke.

Shi ya sa da na nemi shawara mutum uku suka rubuto mini cewa a ce "mai ƙugiya" a huta. Malamaina, fassararku daidai ce, amma aikin da take nuni da shi ya mutu a wannan wasan. Yau a zari-rugar 'yan 13 da wuya ka ga an yi turereniyar gaske. Mai jefa ƙwallo yana zura ta ne kusan a ƙarƙashin ƙafar mutanensa. A zari-rugar 'yan 15 ne ake janyowar har yanzu, kuma can mai wannan gurbi lamba 2 yake sawa. Wasannin biyu sun rabu tun 1895 a garin Huddersfield na arewacin Ingila. Ni dai a bar wa 'yan 15 "mai ƙugiya", ya dace da su.

Wani ƙanena ya ce tunda a wasan 'yan 13 lamba 9 ce a bayan rigar mai wannan gurbi, a ce "ɗan tara". Ƙanena, je gidan kallon ƙwallo ka ce lamba tara, kowa zai ɗauka mai zura ƙwallo a raga kake nufi. Wannan sunan yana da mai shi.

To me yake yi ne a fili? A wannan wasan, ƙungiya na da dama shida, wato idan aka kayar da mai ƙwallonta sau shida sai ta miƙa ƙwallo ga abokan karawa. Duk lokacin da aka kayar da mai ƙwallo, sai ya miƙe, ya ajiye ta a ƙasa, ya mirgina ta baya da ƙafa. Akwai wanda ke duƙe a bayansa yana jira, kuma galibi shi ne mutumin namu. Kafin hannunsa ya taɓa ƙwallon idonsa ya riga ya ƙirga masu tsaro: ina suka yi ƙaranci, wane ne ya gaji bai koma sahu ba, wane ƙato ne ke haki. Cikin ƙiftawar ido zai yanke hukunci, ko ya cilla dama, ko hagu, ko ya sunkuya ya kutsa da kansa, ko ya daka ta da ƙafa. Smith ba shi da gudu na a-zo-a-gani, jikinsa ma ba na ƙarti ba ne, amma daga wannan duƙawar yake juya wasa yadda ya ga dama, yana bugu da ƙafar hagu. Da haka ya ci lambar Dally M ta gwarzon ɗan wasan NRL na shekara a 2006 da 2017, ya buga wa jihar Queensland wasa 42, ya jagoranci Ostireliya ta ɗauki Kofin Duniya a 2013 da 2017. Idan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya kuma, a tsakiyar sahu yake tsayawa, inda ƙartin ke kwararowa, ya yi ta kamu yana kayarwa.

Na so "maɗauki", tunda shi ke ɗaukar ƙwallon daga ƙasa. Amma wata 'yar'uwa ta tuna mini cewa idan shi aka kayar, duk wanda ke kusa ne zai ɗauka. Gaskiyarki, Hajiya. Ɗauka aiki ne na wannan lokacin, ba gurbi ba ne. Sai mu ajiye "maɗauki" ga duk wanda ya duƙa bayan ƙwallo.

Abin da zuciyata ta kwanta da shi shi ne masomi, daga "soma". A hannunsa kusan kowane hari ke somawa. Kalmar tamu ce, tana da jam'i, masoma, tana da tamata, masomiya, ga mata masu buga wasan. Wanda bai saba ba, a ce masa "masomin hari" karon farko, daga nan ya wadatar. Na san ba ta faɗi aikin tsaronsa ba, amma ta Turawan ma ba ta faɗa ba.

Ku gwada ta a baki ku ji: James Roby, masomin ƙungiyar St Helens ta Ingila, ya buga mata wasa 551 kafin ya yi ritaya a 2023. Haka zan sa a rubutun Smith in Allah ya kai mu gobe, sai dai in wani ya kawo wadda ta fi ta kafin nan.