Yaya zan tsufar da T-34/85 ta dace da ƙasar da za ta tsaya a kai?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na gama haɗa samfurin tankar yaƙi T-34/85 a ma'aunin 1/35, wato an ƙanƙanta tankar gaske sau 35, na yi mata fentin shimfiɗa, na bi ta da koren nan na sojojin Sobiyet da ake kira 4BO, sannan na manna lambobin da ke jikin hasumiyarta, wato kanta mai juyawa da ke ɗauke da igwa. A yanzu tana nan fes kamar yau ta fito daga masana'anta, kuma niyyata ita ce in ɗora ta a kan ɗan dandamali mai ƙasa da ciyawa, wato dayorama, tare da wasu sojoji a gefenta.

Abin da ya tsayar da ni shi ne matakin tsufarwa. Ayyukan da nake gani sun sha bamban ƙwarai: wasu tsatsa ta cinye su daga sama har ƙasa, fenti duk ya ɓare, wasu kuwa ƙura kaɗai aka sa musu. Don Allah wanne ne daidai, kuma da wane tsari ake bi? Shin tankar ake fara gamawa ko ƙasar? Kayan da ke hannuna su ne fentin akirilik, fentin mai, garin launi da buroshi iri-iri, amma ba ni da na'urar feshi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Magini ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ɗauki buroshi, akwai tambaya ɗaya da ya kamata ka amsa wa kanka: a ina tankar nan take, kuma a wane wata? Duk sauran amsoshin suna rataye ne a kan wannan. T-34/85 ta fara shiga fagen daga ne a farkon 1944, saboda haka ba ta da gurbi a yaƙin Kursk na watan Yuli 1943, inda T-34 mai igwar milimita 76 ce ta yi aiki. Amma duk da haka zaɓinka yana da faɗi. Idan ka kai ta Yukren a bazarar 1944, lokacin da ƙanƙara ke narkewa hanyoyi su koma taɓo, abin da Rashawa ke kira rasputitsa, to laka baƙa mai nauyi ce za ta cika tsakanin ƙafafunta. Idan ka kai ta Belarus a farmakin Bagration da aka fara a watan Yuni 1944, ƙura mai haske ce za ta lulluɓe ta. Idan kuwa titunan Balin ne a watan Afrilu 1945, ƙurar bulo da ta siminti za ka nema, mai ruwan toka da ɗan ja.

Game da tsatsa, ra'ayina shi ne an cika yawaita ta fiye da kima. Tankokin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa ba su yi tsawon ran da tsatsa za ta cinye su ba, domin sau da yawa cikin watanni ake harbe su ko a mayar da su wurin gyara. Kuma tankar da ke tafiya kullum, sarƙarta tana goge kanta da kanta: inda ƙafafu ke taka ta daga ciki da inda take cizon ƙasa daga waje, ƙarfen yakan yi sheƙi. Wuraren da tsatsa ta dace da su ƙalilan ne, kamar bututun salansa biyu da ke bayanta, waɗanda zafi ke ƙona fentinsu, da gutsattsarin sarƙa na ajiya da ake ɗaurawa a gabanta, da siraran farantan da ke kare laka idan sun lanƙwashe. Injinta na dizal ne, V-2 mai silinda 12, don haka baƙin hayaƙi a ƙarƙashin salansa da tabon man da ya zuba kusa da tankunan mai na waje duk sun halatta.

Ka riƙa tuna lissafin ma'auni idan ka zo ɓare fenti. Tabon da ka yi mai faɗin milimita 1 daidai yake da santimita 3.5 a tankar gaske, mai milimita 3 kuwa ya wuce santimita 10, wato ya kai faɗin tafin hannu. Saboda haka ƙanana ake so, kuma a wuraren da takalma da hannaye ke gogawa kawai: bakin murafan shiga, gefunan faranti, maƙallan da sojojin ƙasa ke riƙewa idan sun hau bayanta. Ɗan yankin soso da aka tsoma a fenti mai ruwan ƙasa mai duhu, aka matse shi a takarda har ya kusa bushewa, ya fi buroshi ba da tabo marar tsari.

Tsarin da nake bi shi ne daga ciki zuwa waje, yadda abin yake faruwa a zahiri. Da farko a rufe fenti da lambobi da banish na akirilik, a bar shi ya bushe sosai. Sai a tsinka fentin mai, mai launin ƙasa mai duhu, da tina marar ƙarfi, a ɗiga shi da siririn buroshi a kan layukan walda da kewayen ƙusoshi, ruwan zai bi lungu da kansa, abin da ya yi yawa a share shi da buroshi mai ɗan laima. Bayan wannan sai ɓarewar fenti, sai zane-zanen da ruwan sama ke bari a bangon tanka, waɗanda ake ja daga sama zuwa ƙasa. Ƙura da laka suna biyo baya domin su ne a saman komai, tabon mai kuma shi ne na ƙarshe tun da a kan ƙura yake zuba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar na'urar feshi.

Mai_Dandamali ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan tankar, ni zan taɓa batun ƙasa, domin a nan ne na fi ganin aiki mai kyau yana lalacewa. Ka tambaya wanne ake fara gamawa. Amsata ita ce a kai kowanne kusa da ƙarshe, sannan a haɗa su, a yi musu ƙura ko laka tare, da garin launi ɗaya, a zama ɗaya. Idan ƙasar ja ce, ƙurar jikin tankar kuma rawaya, ko wanda bai san komai game da yaƙi ba zai ji cewa wani abu bai zauna ba, ko da ya kasa faɗin mene ne.

Abu na biyu shi ne nauyi. T-34/85 tana da kusan tan 32, samfurinka kuwa iska mai ƙarfi za ta iya ture shi, don haka kai ne za ka nuna wa ido nauyin da babu shi. Ka shimfiɗa kwaɓin ƙasarka, wato filasta da farin gam da tankaɗaɗɗen yashi da ɗan fenti mai ruwan ƙasa, kuma tun bai bushe ba ka rufe wurin da siririyar leda, ka danna tankar a kai har sarƙarta ta ɗan nitse. Ledar za ta hana kwaɓin manne mata. Kada ka manta da sawun da ta bari a bayanta, domin ba daga sama ta faɗo ba. Gutsuren sarƙa da ya rage maka a kwali ya isa ka buga sawun da shi har bakin dandamali. Dalilin zuba fenti a cikin kwaɓin tun farko shi ne, in wani wuri ya ɓantare daga baya, farin filasta ba zai leƙo ba.

Girman dandamalin kada ya wuce buƙata. Jikin tankar a wannan ma'auni bai fi santimita 17 zuwa 18 ba, da igwarta kuma kusan 23, sojan da ya kai santimita 175 kuwa ya koma santimita 5. Fili mai yawa da babu komai a cikinsa yana cinye labarin. Ka ajiye ta a karkace, kada ta yi layi ɗaya da gefen katakon, ka kuma ɗaga wani ɓangare na ƙasar da tudu ko bakin hanya, a sami hawa da sauka. Idan za ka gina tudun da soson nan mai tauri da ake sa wa bango don kare zafi, ka shafe shi da farin gam ko filasta tukuna, domin fentin gwangwani da wasu nau'o'in gam suna narkar da shi. Busassun saiwoyin tsirrai suna yin kyau a matsayin ƙananan bishiyoyi. Ciyawar roba kuwa korenta yakan yi kaifi da yawa, sai an dusashe ta da fenti, a kuma dasa ta gungu-gungu, wani wuri kauri wani wuri fili.

Baban_Fenti ya amsa:

Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da ɗan saɓani da Malam Tsohon_Magini a kan tsananin bin zahiri. Hotunan wancan zamani akasarinsu baƙi da fari ne, kuma daga nesa aka ɗauke su, ba su nuna kowane tabo ba. Bayan haka, ƙaramin samfuri ba ya kama haske da inuwa yadda babban ƙarfe ke kamawa a fili, shi ya sa tanka mai launi ɗaya irin koren 4BO takan fito a dunƙule, babu rai, idan ba a ɗan ƙara mata bambancin haske ba. Ni nakan sa ɗigo-ɗigon fentin mai, fari da rawaya da ruwan ƙasa, a kan faranti, in narkar da su da buroshi mai ɗan tina har su ɓace su bar sauyin launi kaɗan, saman ya fi haske, ƙasan ya fi duhu. Wannan ƙari ne a kan zahiri, amma ƙari ne da ido ke buƙata. Inda nake tare da shi ɗari bisa ɗari shi ne tsatsa: ja mai kaifi a ko'ina yana mayar da tankar yaƙi ta koma kamar wadda aka yasar shekaru.

Gargaɗi ɗaya ga mai tambaya. Tina tana cin robar da ba a rufe da fenti ba, kuma idan sarƙarka irin mai guntu-guntu ce da aka manna ɗaya bayan ɗaya, yawan jiƙa ta da tina kan sa mahaɗanta su karye. A sa kaɗan-kaɗan, a ɗaki mai iska, kuma a ba fentin mai kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗora masa wani abu.

Sabon_Hannu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, malamaina. Na tsayar da shawara a kan Belarus, lokacin zafi na 1944, a bakin hanya mai ƙura. Saura abu ɗaya: ta yaya ake sa garin launi ya zauna ba tare da ya zube ko ya yi duhu ba?

Tsohon_Magini ya amsa:

Zaɓi mai kyau ne, kuma batun ɗigon fentin mai da Malam Baban_Fenti ya kawo zai yi maka amfani a ƙarƙashin ƙurar, muddin aka yi shi kafin ta. Garin launi ya fi kama jikin da ba shi da sheƙi, don haka ka tabbata banish ɗinka na ƙarshe marar ƙyalli ne. Ka gauraya launi biyu ko uku masu kusanci, kada ya zama ɗaya tak, ka barbaɗa shi a bushe a inda ƙura ke taruwa da gaske: bayan hasumiya, saman injin, lungunan farantan kare laka, da tsakanin ƙafafu, ya fi yawa a baya saboda a can sarƙa ke watso ta. Sannan ka tsoma buroshi a tina ka taɓa gefen garin kawai, ruwan zai ratsa shi da kansa ba tare da ka goga ba. Zai yi duhu yana jiƙe, kada hankalinka ya tashi, haskensa zai dawo idan ya bushe. Kada ka fesa banish a kansa daga baya, domin shi ne ke kashe launin ƙura. In ya bushe, ka goga bakin fensir a haƙoran sarƙa da gefen murafai su yi ƙyallin ƙarfe, ragowar gaurayen kuma ka barbaɗa shi a kan hanyar da takalman sojojin.