Teburin da na haɗa da damina ya tsage da hunturu: ina kuskuren yake?

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano, kuma kimanin shekara guda ke nan da na fara aikin kafinta a gida ranakun Asabar, don sha'awa kawai ba don neman kuɗi ba. Kayan aikina ba su wuce zarto da hama da kurfi biyu da filen na hannu (abin fere katako ya yi sumul) da sukwaya da tef na awo ba. A watan Agusta na haɗa wa yarana teburin karatu. Na sayi falankin da mai sayarwa ya ce mini madaci ne, mai kaurin inci ɗaya da faɗin inci 12, na yanka guda biyu masu tsawon ƙafa huɗu huɗu, na manne gefensu da farin gam, sannan na ɗora su a kan ƙafafun na bi su da kusa mai inci uku ta kowane ɓangare domin kada su motsa. Na goge da samfefa, na shafa fanish sau biyu, teburin ya yi kyau har maƙwabcina ya nemi in yi masa irinsa.

Da sanyi ya shigo a Disamba sai wata tsaga ta buɗe daga ƙarshen falanki ɗaya ta nufi tsakiya, yanzu har bakin cokali yana shiga cikinta. Ɗaya falankin kuma ya yi kwarmi, ta yadda idan yaro ya ajiye biro sai ya gangara tsakiya. Tambayata ita ce: laifin katakon ne, ko na gam, ko nawa? Shin teburin zai gyaru? Ina da niyyar yin kantar littattafai nan gaba, kuma ba na son in sake zubar da kuɗi a banza.

Tsohon Kafinta ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Gam ɗinka ba shi da laifi, domin da shi ne ya gaza da falankan biyu sun rabu a daidai inda ka manne su, amma ka ce tsagar a cikin jikin falanki take. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka ɓata maka aiki: ka yi amfani da ɗanyen katako, sannan ka ɗaure shi da kusa ta ko'ina har bai sami wurin tsukewa ba.

Mafi yawan katakon da ake sayarwa a kasuwanninmu bai daɗe da fitowa daga daji ba. Ana sare itacen a kudu ko a yankin tsakiyar ƙasa, a tsaga shi, a loda a mota, cikin 'yan makonni ya iso arewa da ruwansa a jiki. Mai sayarwa ba zai ajiye jarinsa wata shida yana jiran ya bushe ba, kuma masu rufin gida, waɗanda su ne manyan masu saye, ba su damu sosai ba tunda ba a ganin katakon bayan an rufe shi da kwano. Kai da za ka yi tebur kai ne abin ya shafa. A watan Agusta iska cike take da laima, saboda haka falankin bai nuna maka halinsa ba sai da iskar hunturu ta zuƙe ruwan. Ka tuna da ƙofar katako da take cijewa da damina sai an sa kafaɗa, da rani kuma ta saki har ana hango haske ta gefenta. Abin da ya sami teburinka ke nan, sai dai ita ƙofa tana da wurin motsi, falankinka kuwa kusoshi sun riƙe shi ta gefe biyu, da ya tashi tsukewa bai ga hanya ba sai ya yage kansa.

Game da kwarmin, ka duba ƙasan teburin. Ina kyautata zaton saman kawai ka shafa wa fanish. Idan fuska ɗaya a rufe take ɗaya kuma a buɗe, ba za su bushe tare ba. Haka kuma falanki mai faɗin inci 12 da aka tsago daga gefen gungume dole ne ya nemi lanƙwashewa idan yana bushewa, ko da an shafe shi ta ko'ina. Shi ya sa muke tsaga shi gida biyu ko uku, mu juya wasu sassan ta yadda zanen da ake gani a ƙarshen katakon zai saɓa wa juna, sannan mu manne.

Teburin zai gyaru. Ka zare kusoshin a hankali, ka cire saman, ka bi tsagar da zarto har ƙarshe, shi ma mai kwarmin ka raba shi biyu, ka jingine su a cikin ɗaki mako uku ko huɗu. Bayan haka ka daidaita gefunan da filen har sai ka haɗa biyu ka ɗaga su sama ba ka hango haske a tsakaninsu ba, sannan ka sa gam ka matse. Idan ba ka da kilam, wato ƙarfen matse katako, ka ɗaure da igiya mai ƙarfi ka murɗa ta da sanda, ko ka kafa katako biyu a kan benci ka buga 'yan tsinin katako a tsakani. Teburin zai ragu da kimanin inci guda a faɗi, yaran ba za su lura ba. Wajen mayar da saman, ka bar kusa. Ka yi amfani da sukuru ta ƙasa, kuma ramukan da suke wajen gefe ka tsawaita su kaɗan ta fuskar faɗin teburin, domin sukurun ya riƙa zamewa idan katakon ya kumbura ko ya tsuke.

Mai Awo ya amsa:

Bayanin Baba Tsohon Kafinta ya wadatar, sai dai ina so in ƙara da alƙaluma, domin da yawa daga cikinmu ba ma yarda cewa busasshen katako yana motsi sai mun ga lissafi. Katako ba ya fara tsukewa sai ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100 na nauyin busasshensa, daga nan kuma yana bin laimar iskar da yake ciki. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, katako yakan tsaya a wajen kashi 16. Idan ta sauka zuwa kashi 20, kamar yadda take yi a Kano da hunturu har ma ta yi ƙasa da haka, sai ya koma tsakanin kashi 4 da 5. A tsawonsa kusan ba ya raguwa, duk motsin a faɗi yake. Saboda haka saman tebur mai faɗin santimita 60 yana iya bambanta da rabin santimita zuwa santimita guda tsakanin Agusta da Fabrairu, kowace shekara, ko da ya shekara goma a ɗaki. Fanish yana rage saurin abin ne kawai, ba ya hana shi.

Hanya mafi arha ta sanin ko katako ya bushe ita ce sikelin kicin. Ka yanki guntu daga cikin abin da ka saya, ka auna, ka rubuta nauyin da ranar a jikinsa da fensir, ka ajiye shi tare da sauran, ka riƙa maimaita awon duk mako. Ranar da ka ga mako biyu ko uku a jere nauyin bai sauka ba, ya daidaita da iskar gidanka. Wajen ajiyar kuma, a jera falankan a inuwa a kan wani abu da ya ɗaga su daga ƙasa, a sa siraran sanduna masu kauri ɗaya a tsakaninsu duk bayan kimanin rabin mita, sandar sama a saitin ta ƙasa, a ɗora bulo a kai. A shafe ƙarshen kowane falanki da ragowar fenti ko narkakken kyandir, domin ta nan ruwa ya fi saurin fita kuma ta nan tsaga take farawa. Kada a shanya a rana.

Amma maganar kanta, shawarata ita ce ka yi ta da filawud mai kaurin milimita 18. Ana yin sa ne da siraran yankan katako da aka manne kowane ɗaya a gicciye da na ƙasansa, don haka ba ya kumbura da tsukewa irin na falanki. Fallen guda ƙafa huɗu ne a ƙafa takwas, kuma idan ka zana yankanka a takarda tun daga gida, masu inji a kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa ko makamanciyarta za su yanka maka shi a miƙe fiye da yadda zarton hannu zai iya. Kada tsawon kowane hawa ya wuce santimita 80 ba tare da tokari ba, domin littattafai suna da nauyi kuma a hankali tsakiya take sauka.

Uwargida Mai Zarto ta amsa:

Ina goyon bayan filawud amma da sharaɗi, domin na taɓa cin wuyarsa. Akwatin takalma na farko da na yi, na sayi wani fallen da fuskarsa ta yi sumul, ban duba gefensa ba. Ashe cikinsa duk ramuka ne, wasu sassan ma ba su manne ba, da na ɗaura sukuru sai ya yi ta juyawa bai kama komai ba. Yanzu kafin in biya sai na duba gefen na ƙirga layukan, na ga sun yi daidai babu giɓi. Haka kuma a bambance shi da MDF, wanda garin katako ne da aka matse da gam. Yana da santsi kuma yana karɓar fenti, amma a gidan da ake wanke daɓe da ruwa kowace safiya, ƙasansa zai sha ruwa ya kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi, kuma ba ya komawa. Ko da filawud ne, ka yi wa kantar 'yan ƙafafu na katako mai ƙarfi su ɗaga ta daga ƙasa.

Abu na biyu da ba a ambata ba shi ne gara da ƙwaron da yake huda katako. Idan ka ga ƙananan ramuka da gari mai laushi yana zubowa daga falanki, ka bar shi a kasuwa. Farin ɓangaren da yake kusa da ɓawo shi ƙwaro ya fi so, saboda haka ka zaɓi wanda jan cikinsa ya fi yawa. Wasu za su ce ka shafa baƙin mai. Wannan na katakon rufi ne da dirkar shinge, bai dace da teburin da yara za su kifa fuska a kai ba. Ka raba kayan da bango kaɗan, ka riƙa leƙa bayansu. Wajen goga kuma ka bi lambobin samfefa a jere, 80 sannan 120 sannan 180 ko 220, kana bin tsawon katakon, kuma ka rufe hanci, musamman idan katakon itacen loko ne, domin ƙurarsa tana sa wasu tari da ƙaiƙayi.

Tsohon Kafinta ya sake amsawa:

Hajiya ta yi gaskiya a kan MDF. Amma ni ba zan so Malam ya gudu daga falanki saboda tsaga ɗaya ba. Wanda yake aikin don sha'awa, daɗinsa yana cikin fere katako da filen da haɗa ƙafa da ginshiƙi (katakon da yake kwance tsakanin ƙafa da ƙafa) ba tare da kusa ba, filawud kuwa ba ya koyar da wannan. Ka yi kantar da filawud idan kana gaggawa, amma ka ɗauki ɗan benci ko kujerar tsuguno ka koyi haɗin rami da harshe a kansu: ka huda rami da kurfi a jikin ƙafa, ka fere harshe a ƙarshen ginshiƙi mai kaurin kashi ɗaya bisa uku na katakon, ya shiga da ɗan bugu kaɗan, ba da ƙarfi ba. Don koyo, itaciyar melaina ta fi sauƙi, tana da laushin yanka da arha, ko da yake tana jinkirin bushewa. Kirya da marke ka bar su tukuna, za su dakushe maka kurfi kafin azahar.

Wani abin lura shi ne suna. A kasuwa kusan duk jan katako ana iya kiransa madaci ko mahogani, alhali itatuwa ne daban-daban masu hali daban-daban, saboda haka ka tafi da wanda ya sani sau ɗaya ko biyu har idonka ya saba. Madobiya kuwa, wadda iyayenmu suka san kyanta, an sare ta fiye da kima ana kai ta China, har a 2016 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa, ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mai koyo ba shi da dalilin ɓata irin wannan itace. Tsofaffin ƙofofi da gadajen da aka daina amfani da su sun fi maka, domin sun gama bushewa tun tuni, sai dai ka tabbatar ka zare duk tsohuwar kusa kafin ka ɗora musu filen.

Sabon Shiga ya dawo:

Na gode ƙwarai, Baba, da Malam Mai Awo, da Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na kifa teburin na duba, kuma kamar yadda Baba ya zata, ko ɗigon fanish babu a ƙasansa. Na kuma ƙirga kusoshin da na buga a saman kaɗai, guda 22 ne. Jiya na zare su, biyu sun karye a ciki, na raba falankan gida huɗu na jingine su a ɗakin baƙi. Akwai ragowar falanki ɗaya da na saya a watan jiya domin teburin maƙwabcina, na yanki guntunsa na auna a sikelin uwargidana ya ba ni giram 910, na rubuta a jikinsa, kuma na shaida wa maƙwabcin cewa sai nauyin ya tsaya zan fara. Saura tambaya ɗaya ga Baba: kusoshi biyun da suka karye a cikin ginshiƙi, in haƙo su da kurfi ne, ko in tura su ciki da wata kusar in matsar da ramin sukurun gefe?