Muhawara: Ko kawunan tsutsa za su iya faɗin zafin watan Yuli na shekaru dubbai da suka shuɗe?

Malam Bashir: Da'awar da nake ja da ita ita ce, wai masana kan haƙo laka daga ƙarƙashin tafki, su tsince ƙoƙon kan tsutsar kironomid, wani ƙwaro mai kama da sauro amma ba ya cizo, sannan su faɗi yadda zafin watan Yuli yake shekaru 12,000 da suka wuce. Yaya busasshen kan tsutsa zai zama ma'aunin zafi?

Dakta Hauwa: Malam, kan ba ya auna komai, nau'in ƙwaron yake nunawa. Ƙoƙon ba ya ruɓewa cikin laka, kuma siffar haƙoransa ce ke bambanta wannan nau'i da wancan. Masana sun bi tafkuna masu yawa a Norway da Kanada, daga masu ɗumi zuwa masu tsananin sanyi, suka rubuta nau'in da ke rayuwa a kowanne tare da zafin watan Yuli na wurin, kuma da wannan suke gwada abin da suka samu a tsohuwar laka. A tafkin Kirakenes na Norway, aikin masana Stephen Brooks da John Birks ya nuna nau'o'in tsutsar masu son sanyi sun mamaye tafkin a zamanin sanyin da ya dawo wajen shekaru 12,900 zuwa 11,700 da suka wuce, sannan suka ja baya da ɗumi ya shigo.

Injiniya Lawal: Allah ya gafarta Dakta, ai ba zafi kaɗai ke zaɓar wa tsutsa mazauni ba. Zurfin ruwa, yawan iskar oksijin a ƙasansa, da yalwar abinci duk suna da hannu. Idan tafki ya cike da laka ya rage zurfi, ruwansa zai yi ɗumi ko da iskar sama ba ta sauya ba.

Malam Bashir: Na yarda da batun wancan babban sanyi, domin sauyin ya kai digiri da dama. Amma kuskuren da ake iya samu a lissafin zafin yakan kai digiri ɗaya ko fiye, alhali sauyin da aka yi bayan wancan zamani sau da yawa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba.

Dakta Hauwa: A nan kam kana da gaskiya, kuma masanan kansu sun yi saɓani a kai. Shi ya sa ake neman aƙalla kawuna 50 a kowane sashen laka da aka bincika, kuma ni ba na amincewa da sakamakon tafki guda sai maƙwabtansa masu zurfi daban sun nuna sauyi iri ɗaya a lokaci ɗaya.