Mai Kifi Ba Ya Riƙe Sikeli

Ɗan Kabi, daga Argungu:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya bayan isha'i a teburin mai shayi aka tado maganar Isra'ila, ta hana ni barci. Ranar 4 ga Agusta 2025 majalisar ministocin Netanyahu ta kori babbar lauyar gwamnati, Gali Baharav-Miara, wadda kuma ita ce shugabar masu gabatar da ƙara, alhali shi Firaministan yana gaban kotu kan zargin cin hanci da zamba, zargin da yake musantawa. Kotun Ƙoli ta dakatar da korar a ranar, a Disamba kuma ta soke ta. Ga nawa, amsa-amo "ya".

Da sunan Allah nake buɗe baitina,
Mai hukunta bayi a ranar da ba lauya.

Salati ga Manzo, fiyayyen halitta,
Da ya ce ko 'yarsa ce, ba ta da kariya.

Mace ce ke riƙe da ofishin ƙara,
Wa'adin shekara shida, ba ragin ko ɗaya.

Shi kuwa shugaba yana gaban alƙali,
Tun 2020 ake yi masa tambaya.

Sai ga ministoci sun ɗaga hannuwa,
Wai ta tattara, ta kwashe nata kaya.

Har kwaɗon wani ofis aka sauya mata,
Makullin da ke hannu ya daina juya.

Ni ɗan Argungu ne, na san Matan Fada,
Masu homa da gora, ruwa har wuya.

Kowa ya ja giwan ruwansa zuwa tudu,
Sikeli na can gefe, ba hannun mai kaya.

In mai kifi ya kori mai awo,
Wa zai faɗa mana nauyin gaskiya?

Kawu na Ƙaura:

Wa alaikumus salam ɗana. Waƙa ta yi daɗi, amma ban bi ka duka ba. Ka yi haƙuri zan sauya amsa-amo, ciwon da ke raina da "ra" yake ƙarewa.

Ɗana ka ɗauki kotu ka ɗora bisa kai,
Zo ka tambaye mu, mu mutanen Zamfara.

A 2019 na bi layi tun da asuba,
Rana ta dake ni a rumfar zaɓe a Ƙaura.

Na dangwala yatsa, na koma gidana,
Aka ƙirga, aka ce mu muka yi nasara.

Saura kwana biyar a rantsar da gwamna,
Alƙalai biyar a Abuja suka yanke ƙara.

Suka ce ƙuri'unmu sun zube a banza,
Gwamna da sanatoci, duk muka yi asara.

Wa ya zaɓi alƙali? Wa ya zaɓi lauya?
Talaka ya shuka, wani ya girbe ya tara.

Minista in ya gaza, zaɓe zai kore shi,
Wanda ba a zaɓa ba, wa zai masa gyara?

In gwamnati ba ta iya sallamar ma'aikaci,
To mulki take yi, ko kuwa tana bara?

Malama ta Jega:

Kawu, Allah ya ƙara girma. Ba gardama nake da kai ba, tuni ne. Kafin baiti, ga abin da ya kawo rigimar can: tun 2000 tsarinsu ya ce kafin a tsige babban lauya sai an ji ta bakin wani kwamiti da tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ke jagoranta. A Yunin 2025 gwamnati ta sauya ƙa'idar, ta miƙa aikin ga kwamitin ministocinta.

Kawu na ji kukanka, ban raina shi ba,
Ranar da ta dake ka ta taɓa min zuciya.

Amma dubi hannun da ya fara ɓarnar,
Wa ya jefa ƙuri'arka cikin rijiya?

Jam'iyya ta kasa zaɓen fid da gwani,
Manya suka raba gari, kowa da tasa hanya.

'Yan gida suka kai ƙara, ba baƙo ba ne,
Kotu ta buɗe doka, ta ga ba a yi biyayya.

A can ma ba a ce lauya ta fi kora ba,
An ce a shigo ta ƙofa, a bar haurowa ta baya.

Ana tsakiyar kokawa ka sauya sharaɗi,
Ka ce ka yi kaye? Kawu, ai da kunya.

Ɗan Gummi:

Yaya Ɗan Kabi, ni fa raina bai so wannan zaren ba.

Me ya haɗa mu da rigimar gidansu,
Gaza na kwance cikin ƙura da jinya?

Ita lauyar da kuke wa wannan baiti,
Ta tare bom kan marayu ko guda ɗaya?

Mu nan gona ta gagare mu zuwa,
Ɗan bindiga ya tsare mana hanya.

Ku yi mana waƙar gero da hatsi,
Ku bar su can su ƙare da jayayya.

Ɗan Kabi:

Ƙanena, Allah ya kawo muku sauƙi, ya kawo wa Gaza. Wallahi ba yabonta nake ba.

Ban wanke kowa ba, ban ba da lambar yabo ba,
Jinin Gaza na nan, ba ya goguwa a duniya.

Kujerar nake kallo, ba mai zama kanta ba,
Don irinta na nan a gidanmu Najeriya.

Ɗan bindigan nan in an kama shi gobe,
Wa zai tsaya kotu ya hana shi ɓuya?

Mai gabatar da ƙara ne, in an bar shi ya yi,
In an ɗaure hannunsa, kai za ka sha wuya.

Baba Mai Ritaya, Birnin Kebbi:

'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Na yi aikin magatakarda a kotu har na yi ritaya, bari tsoho ya sa baki. Abin da ya fi damuna shi ne can har faɗa aka yi kafin a taɓa kujerar. A nan ba a bukatar faɗa. Antoni Janar shi ne Ministan Shari'a, shugaba ke naɗa shi, shugaba ke sauke shi ranar da ya ga dama. Ɗan garin nan, Abubakar Malami, ya riƙe hulunan biyu daga 2015 zuwa 2023, kuma ba shi nake nufi ba, haka kujerar take kafinsa da bayansa. Sashe na 174 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta ikon karɓe ƙarar laifi ko janye ta kafin a yanke hukunci, sashe na 211 ya ba na jiha irin wannan. An rubuta cewa a duba maslahar jama'a, amma wa ke auna maslahar?

Hula biyu bisa kai guda,
Ɗaya ta fada, ɗaya ta takarda,
In iska ta taso daga fada,
Wacce za ta faɗi? Ku ba ni amsar tambaya.

Wata safiya ina kan tebur,
Fanka ta tsaya, zauren ya yi tsit, 
Takarda ta iso, layi uku cur,
An janye ƙara, wanda ake tuhuma ya kama hanya.

Tsohuwa na kan benci a zaune,
Ɗanta aka kashe, tana jira ne,
Kuɗin mota a bakin zane a ƙulle,
Ta ce min, "Ɗana, yaushe za a fara?" Na sunkuya.

Ban iya ce mata an gama ba,
Ban iya duban idonta ba,
Hatimi na buga, ban ƙi ba,
Har yau hannun nan yana jin kunya.

Janairun 2019 ku tuna,
Zaɓe saura 'yan makonni, ana shirin rana,
Aka dakatar da Onnoghen, muna gani muna ji da kunne,
Alƙalin alƙalai, sai 2024 kotu ta wanke shi daga baya.

Ɗan Jega, Abdulrasheed Bawa, da ya riƙe EFCC,
Yunin 2023 aka ce ya ɗan matsa gefe,
Wata huɗu yana tsare, ba a kai shi gaban alƙali ya ji laifi ba,
Mai tuhumar manya ya rasa mai tsaya masa ko ɗaya.

Ku yafe min inda baiti ya yi tsawo, numfashin tsufa ne.

Kawu na Ƙaura:

Yaya, wannan tsohuwa ta karya min gwiwa. Allah ya bi mata hakkinta.

Na yarda a raba hular, a ba kowa tasa,
Amma ƙuri'ata har yau ban ga wanda ya gyara.

In an raba, wa zai naɗa mai ƙarar?
Kar mu gudu daga zaki mu faɗa wa kura.

Malama ta Jega:

Kawu, a Kenya sun raba tun 2010,
Mai ƙara daban, minista daban, kowa da hanya.

Shekara takwas yake yi, ba a sabunta masa,
Ba ya lallashin kowa don a bar shi ya daɗa ɗaya.

Majalisa ke tantance shi kafin ya hau,
Tsige shi sai kwamitin bincike, ba fushin safiya.

Kawu na Ƙaura:

To 'yata, na ji. Amma majalisar da za ta tantance ɗin, wadda na sani ce ko wata za a kawo? An kira magariba, in na dawo masallaci zan amsa miki da baiti. Ɗan Gummi, kai ma kar ka tafi, ina da magana da kai kan hanyar gonar nan.